Tambayoyi da Amsoshi Kan Koyar da Tarihin Bazuwar Amurka Zuwa Yamma Ta Hanyar Shaidun Asali

Waɗannan tambayoyi ne da malaman tarihi kan yi idan darasi ya kawo su ƙarni na goma sha tara na ƙasar Amurka, wato zamanin da ta tashi daga 'yan jihohin da ke gaɓar Tekun Atalantika ta mamaye nahiyar har zuwa Tekun Pasifik. An amsa su ne da la'akari da malamin da ke son ɗalibansa su karanta abin da mutanen wancan zamani suka bari da hannunsu, su auna shi da kansu.

Me ake nufi da shaidar asali a ilimin tarihi?

Shaidar asali ita ce duk wani abu da ya fito daga cikin zamanin da ake nazari, ko daga bakin wanda ya ga abin da idonsa: wasiƙa, kundin da matafiyi ke rubuta abin da ya same shi kullum, dokar majalisa, yarjejeniya, taswira, hoto, zane, tallar jarida, takardar koke, har da waƙa da kayan aiki. Littafin da masani ya zauna ya rubuta bayan shekara ɗari yana sharhi a kan waɗannan abubuwa shaida ce ta biyu. Sai dai iyakar da ke tsakaninsu tana motsi gwargwadon tambayar da aka yi. Laccar da Frederick Jackson Turner ya gabatar a Chicago a 1893, inda ya ce zama a bakin iyaka ne ya ƙera halin Ba'amurke, shaida ce ta biyu idan ana maganar ayarin 1840, amma shaidar asali ce ga mai son sanin yadda masanan Amurka suka ɗauki ƙasarsu a ƙarshen wannan ƙarni.

Wane zamani ne ake kira bazuwa zuwa yamma, kuma ina ya fara, ina ya tsaya?

Yawancin manhajoji suna farawa daga 1803, shekarar da gwamnatin Thomas Jefferson ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, cinikin da ya kusa ninka faɗin ƙasar. Daga nan sai tafiyar binciken ƙasa da Lewis da Clark suka jagoranta har zuwa Tekun Pasifik daga 1804 zuwa 1806, sai dokar kwashe 'yan asalin ƙasar ta 1830, sai haɗe Texas a 1845, sai sasantawa da Birtaniya a kan Oregon a 1846, sai yaƙi da Meziko wanda ya ƙare da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848, sai zinariyar Kalifoniya, sai dokar rabon gonaki ta 1862 da layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869. Akan rufe da 1890, shekarar da ƙidaya ta nuna cewa babu sauran layi guda da za a nuna a taswira a ce nan ne iyakar mazauna, kuma shekarar kisan da sojojin Amurka suka yi wa 'yan asalin ƙasar a Wounded Knee.

Yana da kyau malami ya tsaya a kan sunan darasin tun ranar farko. Wanda ya ce "zuwa yamma" a gabas yake tsaye. Ga mutumin Meziko abin da ya faru asarar arewacin ƙasarsa ne, ga ɗan Sin da ya sauka a San Francisco tafiya ce zuwa gabas, ga ƙabilun 'yan asalin ƙasar irin su Lakota da Cheyenne kuwa babu inda suka tafi, baƙi ne suka zo suka same su a gida. Ɗalibin da ya gane cewa ko kanun darasi yana da mazaunin da yake kallo daga gare shi ya riga ya fara aikin da ake so ya koya.

Littafin karatu bai isa ba ne?

Littafin karatu yana da amfaninsa, domin shi ke ba ɗalibi jerin shekaru da sunaye, kuma ba tare da wannan jeri ba wasiƙar 1838 ba za ta ce masa komai ba. Matsalarsa ita ce yana kawo hukunci a gama, ba ya nuna yadda aka kai gare shi. Zai ce an kwashe ƙabilar Cherokee daga Georgia zuwa hayin kogin Misisipi bisa yarjejeniyar New Echota ta 1835, ya wuce. Ɗalibin da aka miƙa wa takardar koken da shugabansu John Ross ya kai wa majalisa, mai ɗauke da sunayen mutane fiye da 15,000 suna cewa waɗanda suka sa hannu ba su wakilce su ba, sannan aka gaya masa cewa majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar a 1836 da ratar ƙuri'a ɗaya tak, zai fahimci cewa an yi gardama a lokacin, akwai waɗanda suka ce a'a, kuma abin da ya faru zaɓi ne da wasu mutane suka yi. Wannan shi ne babban abin da shaidar asali ke mayar wa tarihi: tana cire masa kamannin abin da dole ne ya faru.

Da wace shaida ya fi dacewa a buɗe darasin?

Ni dai nakan ba da shawarar a fara da zanen da John Gast ya yi a 1872, wanda aka yi domin wani mai buga littattafan jagorar matafiya, George Crofutt, aka kuma yaɗa kwafinsa da yawa. Zanen ba ya bukatar Turanci, kowane ɗalibi zai iya karanta shi. Wata mace fara cikin fararen tufafi tana shawagi a sararin sama ta nufi yamma, a hannunta na dama littafin makaranta, da ɗayan kuma tana warware wayar tangaraho. A bayanta gari ya waye, ga jiragen ruwa da jiragen ƙasa da manoma da garma. A gabanta duhu ne, ɓauna da namun daji da 'yan asalin ƙasar suna gudu.

Kada malami ya yi bayani tukuna. Ya bar ɗalibai su lissafa abin da suke gani, su faɗi inda haske yake da inda duhu yake, wa ke tafiya a natse, wa ke gudu. Bayan haka sai a kawo tambayar wanda ya biya kuɗin zanen da abin da yake sayarwa. Daga nan ne za a haɗa shi da rubutun ɗan jarida John O'Sullivan na 1845, wanda ya yaɗa ra'ayin cewa mamaye nahiyar ƙaddara ce bayyananna da Ubangiji ya rubuta wa Amurkawa. Ɗalibai da suka tashi cikin al'umma mai ɗaukar maganar ƙaddara da muhimmanci sukan kama wannan da sauri, sukan kuma tambayi abin da ya kamata a tambaya: wa ya ba shi labarin abin da aka ƙaddara, kuma me ya sa ƙaddarar ta zo daidai da bukatarsa?

Yaya za a ji muryar 'yan asalin ƙasar alhali Turawa ne suka rubuta mafi yawan takardun?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a duk darasin, kuma ita ce ta fi cancantar a ba ta lokaci. Abu na farko shi ne a sani cewa muryarsu tana nan a rubuce fiye da yadda ake zato. Cherokee suna da rubutun kansu wanda Sequoyah ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1820, suna da tsarin mulki a rubuce tun 1827, kuma a 1828 suka fara buga jarida da harshensu da Turanci. Sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, inda a 1832 babban alƙali John Marshall ya yanke cewa dokokin jihar Georgia ba su da iko a ƙasarsu, hukuncin da bai hana a kwashe su a 1838 ba, tafiyar da aka ƙiyasta ta ci rayuka kusan 4,000. Lakota kuma suna da hanyar ƙirga shekaru a kan fatar ɓauna, inda ake zana alama ɗaya ga kowace shekara bisa babban abin da ya faru a cikinta. Da yawa daga waɗannan fatu sun nuna ruwan taurarin da aka gani a 1833, wanda hakan ya ba masana damar daidaita ƙirgarsu da kalandar Turawa. Akwai kuma zane-zanen da Red Horse, ɗan Lakota wanda ya halarci yaƙin da suka yi da sojojin Amurka a Little Bighorn a 1876, ya yi a 1881 yana nuna yaƙin yadda ya gan shi.

Abu na biyu shi ne taka-tsantsan da jawaban da ake jingina wa shugabanninsu. Mafi shaharar misali shi ne jawabin da ake cewa shugaba Seattle ya yi a wajen 1854. Da harshensa ya yi magana, ta bakin tafinta, kuma rubutun farko da aka sani wani likita ne mai suna Henry Smith ya buga shi a jarida a 1887, fiye da shekara talatin bayan taron. Nassin da ya fi yawo a duniya yau, mai maganar kare muhalli, wani marubucin fim ne ya tsara shi a farkon shekarun 1970. Haka jawabin miƙa wuya na Joseph, shugaban Nez Perce, a 1877: ta hannun wani hafsan sojan Amurka, C. E. S. Wood, ya iso mana, kuma masana suna muhawara a kan yawan abin da ya gyara.

Ɗalibinmu yana da makamin da ya dace da wannan matsala tun daga makarantar Islamiyya, wato tambayar isnadi: wa ya ji, daga wa, yaushe ya rubuta, kuma amintacce ne? Idan malami ya ce a bi isnadin jawabin Seattle kamar yadda ake bin na ruwaya, ajin kan gane nan take cewa akwai yankewa a sarƙar. Muna kuma da irin wannan a tarihinmu, domin masana sun daɗe suna muhawara a kan wasiƙar da Lugard ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ya kafa hujja da ita wajen yaƙar Sakkwato. Wanda ya taɓa tunani a kan wannan wasiƙa ba zai karɓi fassarar da mai cin ƙasa ya yi wa maganar wanda ya ci da ido rufe ba. Duk da haka ba a jefar da irin waɗannan jawabai. Ana karanta su a matsayin shaida mai hawa biyu, ɗaya na mai magana, ɗaya na mai rubutawa.

Hoto fa, ai gani ya kori ji?

Gani ya kori ji idan kai ne ka gani. A hoto kuwa, abin da mai ɗauka ya zaɓa ya nuna maka shi kake gani. Shahararren hoton da Andrew Russell ya ɗauka a Promontory da ke Utah ranar 10 ga Mayu, 1869, lokacin da layukan dogo biyu suka haɗu, cike yake da injiniyoyi da ma'aikata suna murna a kan kawunan jirage biyu, amma ɗalibi zai sha wahala kafin ya nuna fuskar ɗan Sin a cikinsa, alhali 'yan Sin ne mafi yawan leburorin kamfanin Central Pacific da suka fasa duwatsun Sierra Nevada. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1882, majalisa ta yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar. Idan aka ajiye hoton kusa da dokar, rashin waɗancan fuskoki ya zama abin tattaunawa.

Edward Curtis, wanda ya ɗauki dubban hotunan 'yan asalin ƙasar a farkon ƙarni na ashirin, ya taɓa goge agogo daga wani hoton da ya ɗauka a cikin tantin mutanen Piegan, domin agogon bai dace da surar mutanen da zamani bai taɓa ba wadda yake son nunawa. Hotunan makarantar kwana ta Carlisle, wadda Richard Pratt ya kafa wa yaran 'yan asalin ƙasar a 1879, su ma da manufa aka ɗauke su: a ɗauki yaro ranar da ya zo da dogon gashinsa da tufafin gidansu, a sake ɗaukarsa bayan 'yan shekaru an yi masa aski an sa masa kwat, a nuna wa masu ba da tallafi a matsayin nasara. Yau muna kallon hotunan nan guda biyu muna ganin abin da aka raba yaron da shi.

Idan shaidu biyu suka saɓa wa juna, wanne za a ba ɗalibai?

A ba su duka biyun, domin a wurin saɓanin ne darasin yake. Abin da ya faru a Sand Creek da ke Colorado ranar 29 ga Nuwamba, 1864 misali ne da ya dace da manyan ɗalibai. Kanar John Chivington ya kai rahoton cewa ya yi gagarumar nasara a kan ɗaruruwan mayaƙa. Kyaftin Silas Soule, wanda yake wurin kuma ya hana rundunarsa harbi, ya rubuta wasiƙa yana cewa kisan gilla aka yi wa mutanen Cheyenne da Arapaho da ke zaune ƙarƙashin alƙawarin zaman lafiya, mafi yawansu mata da yara. Shugabansu Black Kettle ya ɗaga tutar Amurka a sansanin. Binciken da majalisa da soja suka yi a 1865 ya tattara bayanan shaidu, kwamitin majalisa ya yi tir da Chivington, Soule kuma an harbe shi a titin Denver a watan Afrilu na wannan shekara, 'yan makonni bayan ya ba da shaida.

Aikin ɗalibi a nan shi ne ya tambayi abin da kowane mai magana zai samu ko zai rasa, wa yake rubuta wa, kuma wace shaida ta uku ce ta goyi bayan wa. Kuskuren da nake so malami ya guje masa shi ne rufe irin wannan darasi da cewa kowa da gaskiyarsa. Shaidu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a wannan batu sun rinjaya ƙwarai zuwa gefe guda; koya wa ɗalibi ya faɗi haka tare da hujja yana cikin amanar aikin.

Me kundin matafiya ke koyarwa wanda sauran takardu ba sa koyarwa?

Yana koyar da nauyin tafiyar a jikin mutum. Hanyar Oregon ta kai kusan mil 2,000 daga bakin kogin Missouri, ana yin wata huɗu zuwa shida a amalanken da shanu ke ja, yawancin mutane kuma a ƙasa suke takawa. Kundin Amelia Stewart Knight, wadda ta tashi daga Iowa a watan Afrilu na 1853 da mijinta da 'ya'ya bakwai, cike yake da lissafin mil nawa aka yi, ina aka sami ruwa da ciyawa, wace dabba ta mutu, wane yaro ne ba shi da lafiya. Sai a ƙarshen kundin mai karatu zai tarar ta haifi ɗa na takwas, ya gane cewa duk tafiyar nan da ciki ta yi ta, ba ta ambata ba. Ɗalibanmu, waɗanda suka san kunya da kawaici a kan irin wannan magana, sukan fahimci shirunta fiye da yadda ake zato, kuma daga nan sukan koyi cewa abin da shaida ta ƙi faɗa shi ma abin karantawa ne.

Kundayen suna kuma gyara hoton da finafinan kaboyi suka dasa a zukata, na ayari kewaye da mahara. Abin da ya fi kashe matafiya cuta ce, musamman kwalara, sai haɗurra wajen ƙetare koguna da harbin bindiga bisa kuskure. Masanin tarihi John Unruh ya ƙirga cewa tsakanin 1840 da 1860 'yan asalin ƙasar sun kashe matafiya 362, matafiya kuma sun kashe 426 daga cikinsu, a lokacin da dubban ɗaruruwan mutane suka bi hanyoyin. A shafuka da yawa abin da ake tararwa ciniki ne: musayar tufafi da kifi, ko biyan ladan ƙetarar da shanu.

Dokoki da yarjejeniyoyi ba su yi wa ɗalibai bushewa ba?

Suna da bushewa idan aka ba da su dukkansu. Idan aka zaɓi sakin layi ɗaya aka haɗa shi da taswira, sukan zama mafi ƙarfin abin da ke cikin darasin. Dokar rabon gonaki da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a watan Mayu na 1862 ta ba duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, damar mallakar eka 160 idan ya zauna a kai ya noma ta shekara biyar, kuma matan da ba su da aure da gwauraye sun shiga ciki. A sa ɗalibi ya karanta sharuɗɗan, sannan a tambaye shi daga ina gwamnati ta sami ƙasar da take rabawa. Amsar tana cikin takarda ta biyu, irin yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868, wadda ta keɓe wa Lakota yanki mai faɗi har da tsaunukan Black Hills. A 1874 ayarin soja ƙarƙashin hafsa George Custer ya tabbatar da akwai zinariya a tsaunukan, a 1877 majalisa ta ƙwace su. A 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa an karɓi ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar fiye da dala miliyan 100, Lakota kuma suka ƙi karɓar kuɗin, suka ce ƙasar suke so.

Takarda ta uku ita ce dokar Dawes ta 1887, wadda ta yanyanka ƙasar da al'umma ke riƙe da ita a dunƙule zuwa gonakin ɗaiɗaikun mutane, ta buɗe abin da ta kira rara ga baƙi. Ƙasar da ke hannun 'yan asalin ƙasar ta ragu daga kimanin eka miliyan 138 a 1887 zuwa miliyan 48 a 1934. Kalmar "rara" kaɗai ta isa darasin yini guda.

Ina matsayin bauta da baƙaƙen fata da mutanen Meziko a wannan darasi?

A tsakiyarsa suke. Duk sabon yankin da aka samu sai ya tayar da tambayar ko za a halatta bauta a cikinsa, tun daga sasantawar Missouri ta 1820 har zuwa dokar Kansas da Nebraska ta 1854, kuma wannan jayayya ce ta kai ƙasar ga yaƙin basasa a 1861. Ƙasar da aka kwashe Cherokee da Creek da Choctaw daga cikinta gonakin auduga ta koma, bayi ne kuma suka nome ta. A ayarin Lewis da Clark ma akwai York, bawan Clark, wanda ya yi tafiyar duka bai kuma sami 'yancinsa da dawowarsu ba. Bayan yaƙin basasa, dubban baƙaƙen fata sun bar jihohin kudu zuwa Kansas a 1879, kuma takardun tallar da aka buga ana kiransu zuwa can suna nan.

Game da Meziko, a ba ɗalibai ƙudurin da Lincoln ya gabatar a majalisar wakilai a watan Disamba na 1847, yana neman shugaba Polk ya nuna ainihin wurin da aka zubar da jinin farko, ko a ƙasar Amurka ne ko a'a. A haɗa da sassan yarjejeniyar 1848 da suka yi alƙawarin kare dukiyar mutanen Meziko da iyaka ta tsallake su, da dokar filaye ta Kalifoniya ta 1851 wadda ta ɗora musu nauyin tabbatar da mallakarsu a gaban hukuma, shari'o'in da suka ɗauki shekaru suka cinye dukiyar iyalai da yawa.

Wasu takardun suna ɗauke da kalaman ƙasƙanci da bayanin kisa. A ɓoye su?

Kada a ɓoye, kada kuma a zuba su ba shiri. Malami ya karanta takardar shi kaɗai tukuna, ya auna shekarun ɗalibansa, ya gaya musu tun kafin a fara cewa za su haɗu da kalmomin da marubucin ya yi amfani da su domin ya rage darajar mutane, kuma za a nazarce su ne a matsayin hujja a kan marubucin. Wasiƙar Soule tana da sassan da ba su dace da 'yan ƙaramar sakandare ba, ana iya tsallake su a nuna cewa an tsallake.

Turancin ƙarni na goma sha tara yana da wuya. Ya halatta a sauƙaƙa ko a fassara?

Ya halatta, bisa sharaɗi uku: a ajiye nassin asali a gefe domin mai son dubawa, a gaya wa ɗalibai a fili cewa abin da ke hannunsu an gajarta shi ko an fassara shi, kuma kada a tausasa kalmar da marubucin ya yi nufin ta yi zafi. Sakin layi ɗaya ko biyu sun isa. Shafi goma na rubutun Clark, wanda ko a Turanci ƙa'idar rubutunsa ta kansa ce, zai kashe wa aji gwiwa. Akwai ma riba a fassarar kanta. Idan aka raba aji gida biyu, kowane ɓangare ya mayar da jimla ɗaya ta yarjejeniya zuwa Hausa, sannan aka kwatanta, za a ga sun bambanta a kan kalmomi irin su mallaka da miƙawa da kariya. A nan malami zai tuna musu cewa yawancin shugabannin da suka dangwala hannu a waɗannan takardu ta bakin tafinta suka ji abin da ke ciki, a harsunan da ma'anar sayar da ƙasa ba lalle ta zo daidai da ta Turanci ba.

Ina ake samun waɗannan shaidu, kuma yaya za a yi a aji mai ɗalibai da yawa ba intanet?

Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta ƙasar sun sa dubban hotuna da taswirori da dokoki a shafukansu na intanet kyauta, kuma Jami'ar Nebraska ta sa kundayen Lewis da Clark gaba ɗaya. Malami zai iya sauke abin da yake bukata a wayarsa sau ɗaya, ya buga kwafi kaɗan. A aji mai ɗalibai tamanin, takarda shida daban-daban sun wadatar: a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da takardarsa, a rubuta tambayoyi huɗu a allo, wato wa ya yi ta, yaushe, domin wa, kuma me ta bari ba ta faɗa ba, sannan kowane rukuni ya tashi ya ba sauran labari. Abin da ba za a yi sakaci da shi ba shi ne rubuta asalin kowace takarda a samanta, da sunan mai ita da shekara, domin hoton da aka tsinta a Facebook ba tare da waɗannan ba bai zama shaida ba tukuna.

Yaya za a auna ko ɗalibi ya koyi abin da ake so?

A ba shi takardar da bai taɓa gani ba. Misali mai kyau shi ne hoton nan na 1892 na tulin ƙoƙunan kan ɓauna a wata masana'anta kusa da Detroit, mutum ɗaya a tsaye a kan tulin, wani a gindinsa, a lokacin da dabbar da a da ake ƙirga ta da miliyoyi ta kusa ƙarewa. A tambaye shi abin da hoton ya tabbatar, abin da bai isa ya tabbatar ba, da irin shaidar da zai nema domin ya san yadda ƙarewar ɓauna ta shafi mutanen da abincinsu da tantinsu da tufafinsu suka dogara a kanta. Ɗalibin da ya ce hoton ya nuna yawan abin da aka kashe amma bai nuna wanda ya kashe ko dalilinsa ba, ya kuma nemi rasitan 'yan kasuwar fata, da lissafin kayan da jiragen ƙasa suka ɗauka, da fatun ƙirgar shekaru na Lakota na waɗannan shekaru, ya cancanci cikakken maki ko da ya manta ranar da aka sa hannu a wata yarjejeniya. Wajen rabon maki, nakan ba da kashi mafi girma ga yadda ya jingina kowace magana ga takarda, kashi na biyu ga sanin zamanin da takardar ta fito, sauran kuma ga tsarin rubutu.